Jakar sitomar Baba tana cinye mana kuɗi, ina mafita?

"Assalamu alaikum Malama. Wata huɗu ke nan da aka yi wa mahaifinmu aikin kansar hanji, aka fito masa da hanji ta gefen hagu na ciki, yanzu a jaka yake bayan gida. Likita ya ce haka zai ci gaba da zama. Damuwarmu kuɗin jakar. A asibiti an ce mana guda ɗaya za ta yi kwana uku ko huɗu, amma tamu da ƙyar take kwana ɗaya sai ta fara yoyo ta gefe. Mun koma muna liƙe gefen da filasta don ta ƙara kwana, ga shi yanzu fatar wurin ta yi ja tana yi masa zafi. Wani ya ce mu riƙa wanke tsohuwar muna mayarwa, wani kuma ya ce mu ɗaura leda kawai. Wallahi ƙarfinmu ya fara ƙarewa. Ta ina za mu rage kashe kuɗi ba tare da mun cutar da shi ba?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, aikina kula da raunuka da masu sitoma, wato bakin hanjin nan da likita ke fitowa da shi ta fatar ciki, kuma tambayarki tana cikin waɗanda aka fi yi mini.

Kin tambayi inda za ku rage kashe kuɗi, kuma rabin amsar yana cikin bayaninki. Jakar da ya kamata ta yi kwana uku ko huɗu tana yin kwana ɗaya. Ki yi lissafin da kanki: idan kullum ake canzawa, wata guda zai ci jaka 30. Idan kowace ta kai kwana huɗu, jaka 8 ta ishe ku. Babu ragin da wani mai sayarwa zai yi muku da zai kai wannan. Don haka in za ki gwada tsadar jaka, ki raba kuɗinta da yawan kwanakin da ta yi a jikin Baba. Jakar da ta ninka wata a farashi amma ta yi kwana huɗu ta fi araha nesa ba kusa ba a kan wadda ke ɓallewa kowace safiya. Kuɗinku a gefen faifai, wato ɓangaren da ke mannewa a fata, yake zurarewa, can za mu fara toshewa, sauran dabarun su biyo baya.

Abin da kuke biya wa kuɗi

Kayan kashi biyu ne ko da a haɗe suka zo. Akwai jakar da ke tara bayan gida, akwai kuma faifan da ke mannewa a fata. Jakar roba ce mai hana wari fita, ba ta da wani sirri mai yawa. Faifan shi ne aikin. An yi shi da wani haɗi mai shanye danshi, yana kama fata da ɗumin jiki, yana tsotse gumi a hankali, har ya kai lokacin da ya ƙoshi ya fara narkewa daga bakin ramin da sitoma ke shiga zuwa waje. Yana da iyakar kwanakinsa, kuma da zarar an ɓare shi ya gama aiki.

Wannan tsari bai daɗe a duniya ba. A 1954 ne wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasar Denmak, Elise Sørensen, ta fito da dabarar jaka mai mannewa da ake yarwa bayan amfani, saboda 'yar uwarta da aka yi wa irin aikin Baba ta daina fita cikin mutane don tsoron yoyo da wari. Daga dabararta kamfanin Coloplast ya samo asali a 1957. Kafin nan mutane tsumma suke sawa da jakunkunan roba masu nauyi da ake ɗaurewa da ɗamara, kuma ciwon fata ne abokin zamansu. Na kawo wannan ne saboda shawarar leda da aka ba ku, wadda za ta mayar da Baba wancan zamani.

Yadda kika kwatanta, sitoma a hagu bayan aikin kansar hanji, alama ce ta kolostomi, wato daga babban hanji aka fito da ita. Wannan ya zo muku da sauƙi ta fuskar kuɗi. Bayan gidan da ke fita ta nan yawanci yana da kauri, yana zuwa sau ɗaya zuwa uku a rana, kuma bai kai na ƙaramin hanji cin fata ba. Mai iliyostomi, wanda aka fito masa da ƙaramin hanji, nasa ruwa-ruwa ne, ba ya tsayawa, yana ɗauke da sinadaran narkar da abinci masu ƙona fata cikin 'yan sa'o'i. Mai yurostomi kuwa fitsari ne ke ɗiga dare da rana. Wasu daga cikin abin da zan faɗa miki na mai kolostomi ne kawai, zan nuna su idan na zo wurin.

Me ya sa take ɓallewa da wuri

Abu na farko da nake zargi idan aka ce wata huɗu da aiki kuma ana yoyo shi ne girman ramin. Sitoma tana fitowa daga ɗakin tiyata a kumbure, sai ta yi ta sacewa tsawon mako shida zuwa takwas. Iyalai da yawa suna komawa gida da ma'aunin da aka yanka musu a asibiti a makon farko, su ci gaba da yanka faifai da shi wata da watanni. Sitoma ta ƙanƙance, rami yana nan da faɗinsa, sai a sami zoben fata a fili kewaye da ita. Bayan gida ya zauna a kan wannan fatar, ya ci ta, ya kutsa ƙarƙashin faifan. Fatar da ta saɓule tana tsatsafar ruwa, faifai kuma ba ya kama jiƙaƙƙiyar fata, sai sabuwar jaka ta fi ta jiya saurin ɓallewa. Haka abin ke ta juyawa, kuɗi na tafiya, ciwo na ƙaruwa.

A canji na gaba ki sake aunawa. Akwai kwalin awo mai ramuka da ke zuwa cikin kwalin jaka. Ramin faifai ya fi sitoma faɗi da milimita 2 zuwa 3 kawai, yadda zai zauna kusa da ita ba tare da ya matse ta ko ya goge ta ba. Yawancin sitoma ba da'ira ce cikakkiya ba, takan yi tsawo ta gefe ɗaya kamar ƙwai. Idan haka take, ki ɗora farar leda mai tsabta a kanta ki zana siffarta da biro, ki yanke, ki mayar da zanen a bayan faifai. Ki kula kada ki juya shi, hagu ya koma dama. Idan jakar mai haɗe da faifai ce, ki sa yatsa ki janye jikin jakar daga faifan kafin ki sa almakashi, domin huda ɗaya da bakin almakashi ya jawo asarar jaka sukutum. Bayan yanka ki bi bakin ramin da yatsa ki lallashe kaifinsa. Takardar da kika ɓare daga bayan faifan kada ki yar, ita ce ma'auninki na gaba, ki rubuta kwanan wata a jikinta.

Akwai ɗabi'a guda da nake koya wa duk wanda ya zo wurina, ba ta cin ko sisi. Idan an cire tsohon faifai, a juya bayansa a duba kafin a jefar. Inda ya yi fari ya kumbura, danshi ya sha. Inda ya zaizaye ko aka ga sawun bayan gida ya bi ta ƙarƙashi, nan ce hanyar yoyon. Sai ki dubi cikin Baba a daidai wannan wurin, ki sa shi ya zauna, ya sunkuya, ya miƙe. Sau da yawa za ki ga wani lanƙwasar fata ko ɗan kwari da ba ya bayyana idan yana kwance. Mai jinyar kansar hanji yakan rame, fata ta saki, siffar ciki ta canza, abin da ya zauna daidai a watan farko ya daina zama. Irin wannan kwarin ana cike shi da zoben cike gurbi, wanda ake murzawa da yatsa a ba shi siffa, ko da ƙullin da ke zuwa a bututu kamar man goge baki. Mutane suna ɗauka ƙullin nan gam ne, suna shafe faifai duka da shi, alhali aikinsa cike rami kawai, kuma yawansa hana kamu yake yi. Zoben ma ba dole a sa shi duka ba, ana iya gutsurar rabi a cike inda ake buƙata a adana sauran a cikin ledarsa.

Idan kuma sitomar ta shafe daidai da fata ko ta nutse ciki, bayan gida zai riƙa fita ta ƙarƙashin faifai duk ƙwarewar mai sawa. Wannan yana buƙatar faifai mai tudu, wanda ke danna fatar kewaye don sitoma ta ɗago. Ya fi tsada, amma ga wanda ya dace da shi yakan mayar da kwana ɗaya kwana huɗu. Kada ku saye shi da ka, sai ma'aikacin lafiya ya duba, domin danninsa yana iya yin rauni ga wanda bai dace da shi ba. Ɗamarar sitoma, siririyar nan da ake maƙalawa a kunnuwan jaka, ita ma tana taimakawa, kuma sau ɗaya ake saye a yi ta wankewa.

Saura yadda ake sawa. A zaɓi lokacin da hanji ya lafa, galibi da safe kafin a ci komai, don kada bayan gida ya fito ana tsakiyar aiki ya ɓata sabon faifai. A cire tsohon daga sama zuwa ƙasa, hannu ɗaya yana danna fata yana raba ta da faifan, kada a fizge. A wanke da ruwa mai ɗumi zalla. Sabulu mai maiko, man shafawa, da tsumman goge jarirai duk suna barin santsi a fata, kuma su ne ɓoyayyun masu sa jaka faɗuwa. A busar da fatar sarai ta hanyar dannawa da ƙyalle. Idan akwai gashi a rage shi da almakashi, ko a aske a hankali ana nesa da sitoma. A miƙar da fatar ciki ta yi sumul, a manna daga ƙasa zuwa sama, a bi kewayen sitoma da yatsa, sannan Baba ya ɗora tafin hannunsa a kai minti ɗaya ko biyu. Ɗumin hannun ne ke sa faifan ya kama, kuma wannan matakin ne aka fi tsallakewa. Bayan haka ya ɗan dakata kafin ya sunkuya ko ya shiga zirga-zirga.

A riƙa zubar da abin da ke cikin jaka idan ta kai kashi ɗaya cikin uku, iyaka rabi. Nauyi yana jan faifai ƙasa. Iska ma idan ta cika ta, a saki.

Filasta da fatar da ta yi ja

Don Allah ku daina liƙe yoyo da filasta daga yau. Na san dalilinku, kuma ban ga laifinku ba. Sai dai idan yoyo ya bayyana a gefe, bayan gida ya riga ya ratsa ƙarƙashin faifan tun daga bakin sitoma, filasta kuwa kulle shi take yi a kan fata. Kwana ɗayan da kuka samu za ku biya shi da jaka biyar a mako mai zuwa. Ƙaiƙayi ko zafi a ƙarƙashin faifai ma alama ce ta a canza, ko da ba a ga komai a waje ba. Filasta tana da amfani ne kawai a gefen faifan da ke nan lafiya lau, lokacin wanka ko yawan gumi.

Fatar da ta saɓule tana warkewa a ƙarƙashin faifan da ya zauna daidai, cikin 'yan kwanaki. Abin da ake yi shi ne a wanke da ruwa, a busar, a barbaɗa hodar sitoma a inda ke tsatsafa, a kakkaɓe wadda ba ta kama ba, sannan a danna mata ruwan kariyar fata marar sinadarin da ke sa zafi, a bari ya bushe. Za ta yi ɗan ɓawo busasshe wanda faifai zai iya kamawa. Idan wurin ya jiƙe sosai a maimaita sau biyu ko uku. In babu ruwan kariyar, a jiƙa yatsa da ruwa a ɗan daddanna hodar. Hodar sitoma daban take da hodar jarirai ko ta kwalliya, waɗannan ba sa yin aikin. Kwalba ɗaya tana daɗewa ƙwarai, kuma da fata ta warke a ajiye ta. A wannan ɗan lokacin ki sa ran canji duk kwana biyu, har fatar ta dawo.

Idan jan ya zo da ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi da ke bazuwa zuwa waje, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce irin ta gumi da danshi, tana buƙatar hodar magani daga asibiti. Idan kuma jan ya bi siffar faifan daidai, fatarsa ce ba ta jituwa da gam ɗin, sai an canza kamfani. Man shafawa kowane iri ne kada ya shiga ƙarƙashin faifai.

Wanke jaka, da batun leda

Amsar wankewa ta danganta da irin jakar da ke hannunku. Akwai rufaffiya, wadda ba ta da baki a ƙasa, ana cire ta a yar duk lokacin da ta cika, sau ɗaya zuwa uku a rana. Akwai mai buɗaɗɗen ƙasa, wadda ake zubarwa a goge bakin a sake rufewa. Ga mai neman sauƙin kuɗi, mai buɗaɗɗen ƙasa ita ce zaɓi, ko da bayan gidan mai kauri ne. Ba ta kai rufaffiya daɗin sha'ani ba, amma guda ɗaya tana yin aikin rufaffu da yawa. Idan kauri ya sa zubarwa wuya, a zuba ɗan ruwa ta ƙasa a girgiza a hankali a zubar, kada ruwan ya kai sama wurin sitoma, domin yawan ɗauraya har sama yana sassauta faifai.

Sai bambancin mai guda ɗaya da mai guda biyu. A mai guda ɗaya faifai da jaka a haɗe suke, idan an cire an cire ke nan, wanke ta a mayar ba zai yi ba, gam ɗin ya mutu. A mai guda biyu faifan yana zama a jiki kwanakinsa, jakar ce ake ɓallewa daga zoben roba a mayar. Nan ne wanki yake da wuri. Kamfanoni sun yi jakunkunan ne don a yar, amma a aikace na ga iyalai da dama suna juya guda biyu, ɗaya a jiki ɗaya a shanya, kuma ba na hana su matuƙar an kiyaye tsabta: ruwa mai sanyi da ɗan sabulu marar ƙarfi, a ɗauraye, a rataye a inuwa ta bushe ciki da waje. Ruwan zafi da rana suna lalata robar. Da zarar ta fara riƙe wari, ko zobenta ya daina kamawa da ƙarfi, ta gama. Matacin iskar da ke saman wasu jakunkuna yana toshewa idan ya jiƙe, don haka wadda za a riƙa wankewa gara marar mataci, ita ce ma ta fi araha. Akwai kuma siraran ledoji da aka yi musamman don a zura cikin jakar mai guda biyu, a cire ledar a yar jaka ta zauna da tsabtarta. Na mai kolostomi ne mai kaurin bayan gida.

Leda zalla da za a ɗaura a ciki kuwa, ban yarda da ita a matsayin tsari ba. Ba ta rufe kewayen sitoma, bayan gida zai kwanta a fata, wari zai fita, Baba zai daina shiga mutane, ciwon fatar kuma zai kai inda ko an sami jakar kirki ba za ta kama ba. Kada kuma a kusanci fatarsa da gam ɗin gyaran kaya ko salatif. Idan dare ya yi muku babu jaka ko ɗaya, a shafa man kariya mai sinadarin zinki a fatar kewaye, a rufe da bandeji mai laushi ko ƙyalle mai tsabta, a riƙa canzawa da zarar ya ɓaci, har gari ya waye. Kafin a manna sabon faifai a tabbata an wanke man nan tas. Mai kolostomi zai iya jure wannan na ɗan lokaci, mai iliyostomi kuwa fatarsa ba za ta jure ba.

Abin da za ku iya bari a kanti

Kayan haɗi suna da yawa, kuma lafiyayyar fata ba ta buƙatar yawancinsu. Tsumman gogewa na musamman, ruwa da tsofaffin ƙyallayen auduga masu laushi da aka yayyanka aka wanke sun maye gurbinsu. Maganin cire gam yana da amfani ga mai siririyar fata, sauran mutane ruwan ɗumi da haƙuri sun isa. Ledar zubar da tsohuwar jaka kowace iri ta yi. Rigar jaka, wadda ke hana roba taɓa fata da jawo gumi, ana ɗinka ta a gida. Maganin wari ma ba dole ba ne, domin jakar da ke rufe daidai ba ta wari sai lokacin zubarwa. Idan ana jin wari a sauran lokaci, ko dai yoyo ya fara ko bakin ƙasan ba a goge shi da kyau ba. Kada a huda jaka da allura don iska ta fita, kuma kada a jefa ƙwayar asfirin a ciki kamar yadda wasu ke yi, tana yi wa sitoma gyambo.

Wankin hanji

Wannan ita ce hanyar da za ta fi rage muku kashe kuɗi idan Baba ya dace da ita, kuma abin yana damuna yadda ba a cika gaya wa mutane ita ba. Ana zuba ruwa mai ɗumi, tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya, ta cikin sitoma da wani mazurari mai laushi da aka yi don haka, hanji ya motsa ya fitar da abin da ke ciki ta doguwar leda zuwa masai. Ana yi a lokaci ɗaya kullum ko bayan kwana biyu, yana ɗaukar kusan awa guda. Bayan 'yan makonni hanji yakan saba, mutum ya wuni ya kwana ba abin da ya fito, sai ya sa ƙaramar jaka ko ɗan murfin sitoma kawai. Kayan wankin ana amfani da su na tsawon lokaci.

Sharuɗɗansa ba wasa ba ne. Na mai kolostomi ne ta ɓangaren hagu wanda bayan gidansa ke da kauri. Ba a yi wa mai iliyostomi sam. Ba a farawa lokacin da ake karɓar maganin kansa na ƙarin ruwa ko gashin na'ura, ko ana gudawa, ko akwai kumburin ƙaba a gefen sitoma, ko hanjin ya zazzago, ko akwai cutar kumburin hanji irin ta Crohn. Mai ciwon zuciya ko ƙoda sai an yi nazari. Likitan da ya yi aikin ne zai ba da izini, ma'aikacin jinya ya koyar da shi ido da ido a karon farko. Kada a gwada da tiyo ko wani abu mai tauri, ana iya huda hanji. Ki sa wannan tambayar a gaba ranar komawarku asibiti.

Saye da ajiya

Kada ku sayi kaya da yawa sai kun sami wanda ya zauna wa Baba. Ku gwada 'yan kaɗan, ki riƙa rubuta ranar da aka sa, ranar da aka cire, da dalilin cirewa. Cikin mako uku takardar za ta nuna miki wanda ya fi. Bayan nan sayen kwali ya fi sayen ɗai-ɗai, kuma idan kun san wasu masu irin lalurar kuna iya haɗa kuɗi ku saya tare. Manyan kamfanoni irin su Coloplast, Hollister da ConvaTec suna ba da samfurin gwaji kyauta a ƙasashe da yawa, ta hannun wakilansu ko ma'aikatan jinya, tambaya ba ta cin kuɗi. Kayan ƙananan kamfanoni ba duka ne marasa kyau ba, na ga waɗanda suka yi wa mutane aiki sosai, takardar kwanakin ce za ta raba gardama. Wanda aka gani a intanet da araha mai ban mamaki, a duba wa'adinsa, a sayi kaɗan tukuna.

Zafi shi ne babban abokin gabar faifai. A ajiye kwalin a wuri mai sanyi marar danshi, nesa da taga, nesa da banɗaki, kada a bar shi a mota. A fara amfani da tsofaffi kafin sababbi. Ku yi ƙoƙari kullum a sami na mako biyu a ajiye, domin sayen gaggawa shi ne saye mafi tsada, kuma a lokacin ne ake karɓar duk abin da aka samu ko bai dace ba.

Ku tambayi sashen jin ƙai na asibitinku, ku tambayi inshorar lafiya idan yana da ita, ku nemi likita ya rubuta kayan a takardar magani da sunansu da adadinsu. Ku nemi ƙungiyar masu sitoma ko ta masu jinyar kansa mafi kusa da ku. Waɗanda aka mayar wa hanji ciki, da iyalan waɗanda suka rasu, sukan bar kwalaye ba a buɗe ba, kuma ta irin waɗannan ƙungiyoyi suke isa hannun mabuƙata. Ƙungiyar Friends of Ostomates Worldwide, da ke Amurka da Kanada, tana tara irin waɗannan kaya tana aikawa ƙasashen da ake ƙarancinsu, galibi ta hannun asibitoci da ƙungiyoyi, don haka ma'aikatan asibitinku ne za su nema. Idan kayan kyauta suka zo, a lura cewa a tsarin guda biyu faifan wani kamfani ba ya karɓar jakar wani, kuma ko a kamfani ɗaya sai lambar zoben ta zo ɗaya.

Inda maganata ta tsaya

Ban ga cikin Baba ba, kuma wannan aiki ne na ido da hannu. Daga bayaninki na fi kyautata zaton faɗin rami ne da ciwon fata, amma nutsewar sitoma ko ƙaba ko gudawar da maganin kansa ke jawowa duk suna iya ba da irin wannan hoto, kuma kowanne maganinsa daban. Idan gudawa ce ke cika jaka, a gaya wa likitansa, kada a saya masa maganin tsayar da ita da ka. Idan kun gyara awo da yadda ake sawa, kuka yi canji uku ko huɗu ba ku ga bambanci ba, ku nemi ma'aikacin jinya da ya san sitoma. Ku tafi da kwalin jakar, da takardar kwanakin, da faifan da aka cire na ƙarshe a cikin leda, a kuma duba shi a kwance, a zaune da a tsaye. Ko jaka ta zauna lafiya, kada ta wuce kwana bakwai a jiki ba a ga fatar da ke ƙarƙashi ba.

Akwai alamun da ba a jira da su kuma ba a lissafin kuɗi a kansu. Lafiyayyar sitoma ja ce mai danshi kamar cikin baki, kuma ɗan jini kaɗan lokacin gogewa ba komai ba ne. Idan ta yi duhu, ta koma shuɗiya ko baƙa, idan jini yana fita daga cikinta ko ya ƙi tsayawa, idan bayan gida da iska sun ɗauke tare da murɗar ciki, kumburi ko amai, idan hanjin ya zazzago ya yi tsawo fiye da yadda kuka saba gani, ko fatar kewaye ta yi gyambo mai zurfi da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.